Takunkumin da Ban Sa wa Kada Ba

Jiya wani daga cikinku, ku samarin layin nan, ya shigo shagona yana juya waya a hannu, ya ce a cikin minti goma ya gina wa yayarsa shafin sayar da turare a intanet, har da hotuna. Ya ce, "Oga Habibu, wai wannan ne aikin da kuka yi shekara uku kuna koyo?" Sauran suka fashe da dariya. Na karɓi wayar na duba, sai ga sunan yayar tasa, Asma'u, ya fito haka: Asma&#39;u. Na ce masa mene ne wannan a tsakiyar sunan? Ya ce, "Matsalar network ce, oga, zai gyaru." Ban yi musu da shi ba. Amma ba zan ɓoye muku ba, na ji ƙyashi, don abin da ya cinye mini ƙuruciya shi ne wannan yaro ya gama kafin shayinsa ya huce, bai ma san sunan ciwon da ke jikin aikinsa ba. Tunda kun ce sana'ar wasa ce, bari in ba ku labarin alama ɗaya tak a cikinta, da abin da ta ci mini.

Daga Funtuwa na zo Agege wurin kawuna, mahauci ne a kwata. Wata biyu na yi ina riƙe ƙafar saniya, ya ga jini bai karɓe ni ba, sai ya ja hannuna ya kai ni wurin Malam Isiyaku. Malam tsohon mai buga tafireta ne a unguwar 'yan reluwe ta Ebute Metta, ya koyi kwamfuta da furfura a kansa, ya buɗe shago kusa da layin dogo a nan Agege. Kayan aikinsa kwamfuta uku ne masu ƙaton ƙeya, da injin buga takarda, da janareta mai tari, da wata doguwar rula ta katako wadda ba don awo yake ajiye ta ba. Mu biyu ne almajiransa na aikin shafi, ni da Nasiru. Nasiru haifaffen Legas ne, Yarbanci a bakinsa kamar ruwa, ga Turancin titi, ga fara'a. In kwastoma ya shigo da fushi, Nasiru ake turawa. In aiki ya lalace ba a san inda ya lalace ba, ni ake bar wa, ba tare da an ce mini komai ba.

Abin da Malam ya fara koya mana shi ne shafi fuska biyu gare shi. Akwai wadda jama'a ke gani, akwai kuma cikinsa, inda muke rubuta umarni da hannu: nan ka sa hoto, nan ka ƙara girman rubutu, nan ka fara sabon layi. Burauza, wato manhajar da ke buɗe shafi a kwamfuta ko a waya, ita ke karanta cikin ta zana fuskar. Kowane umarni ana sa shi ne tsakanin alamomi biyu, < da >. Malam yana kiransu bakin kada. Ya ce burauza ba ta da hankali, biyayya kawai ta sani. Duk inda ta ga kada ya buɗe baki, harafi na biye da shi, to duk abin da ke nan har inda bakin ya rufe umarni ne a wurinta. In ta san umarnin ta bi. In ba ta sani ba ta haɗiye shi shiru, ba za ta nuna wa kowa ba, ba kuma za ta ce maka ta haɗiye ba. Saboda haka in mutum ya kawo rubutu da wannan alama a ciki, kuma so yake a gan ta, ba a sa ta tsirara. Sai ka rubuta &lt; a madadin ta buɗewa, &gt; a madadin ta rufewa. Wannan shi Malam ke kira takunkumi.

"Duk rubutun da ba kai ka yi ba, baƙo ne," in ji shi. "Ko na limami ne, sa masa takunkumi kafin ya shiga."

Aikin da ya fara sa na ɗanɗana rular nan na wani Bulus ne, mutumin Filato mai gadi a wata masana'anta a Ilupeju. Zai yi aure, yana son shafi ɗaya da 'yan'uwansa na gida za su buɗe a kafe, wato shagon intanet, su ga hoton amarya. Ya rubuto sunayen da manyan baƙaƙe a manne, BULUS&REGINA, ni kuma na kwafe yadda ya kawo. Ashe alamar nan ta & ita ma ba ta zama kawai ba, da ita ake fara kowane takunkumi, don haka burauza tana leƙa abin da ke binta. Ta ga REG, ta san wannan sunan wata alama ce ta 'yan kasuwa, sai ta zana ɗan da'ira da R a ciki. Bulus ya zo da surukarsa don ya burge ta, aka buɗe shafi, sai ga BULUS®INA.

"Malam, ina sunan mata na?" in ji Bulus. "Wane ne Ina kuma?"

Surukar kallonsa kawai take yi. Nasiru ne ya rarrashe su, ya sayo musu lemo, har tsohuwar ta yi dariya. Da suka fita Malam ya ba ni rula uku a bayan hannu, ya sa na rubuta &amp; cike da shafi biyu na littafi. Sannan ya juya ya ce wa Nasiru, "Allah ya yi maka albarka, ka fitar da mu kunya." Tun daga ranar wani abu ya zauna mini a ƙirji.

Na ce to, tunda ba ni da baki, zan yi ido. Na zama ba na sakin shafi sai na buɗe shi a kwamfutocin nan uku, don kowace da irin burauzarta, abin da wannan ta yafe waccan ba ta yafewa. Lokacin haruffanmu masu lanƙwasa ba sa fitowa, sai ka ga ɗan akwati a inda ƙ ko ɗ ya kamata ya zauna. Na haddace lambobinsu yadda kuke haddace lambar budurwa: &#409; shi ne ƙ, &#599; shi ne ɗ, &#595; shi ne ɓ. Har yau in kun tashe ni daga barci zan karanto muku su. Wani dillalin fata, Alhaji Sa'adu, ya taɓa kawo kuka cewa hoton shagonsa ba ya fitowa, mutum biyu sun duba sun rasa dalili. Na zauna na bi layi-layi, na tarar ɗan waƙafin saman nan da ke tsakiyar sunansa ne ya rufe umarnin hoton tun bai ƙare ba. Na gyara, Alhaji ya tafi yana sa albarka. Malam ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "Hmm." Shekara uku, abin da na samu ke nan, hmm. Nasiru kuwa ko kujera ya goge sai an yaba masa.

Ku gane ni da kyau, don a kan wannan labarin ya tsaya. Ba shagon Malam nake so ba, ba kwastomominsa ba. So nake, ko sau ɗaya, in ji daga bakinsa cewa na fi Nasiru iya aikin nan.

Bayan an yaye mu kowa ya buɗe nasa shago. Aikin da ya riƙe ni shi ne allon sanarwa na ƙungiyar 'yan Arewa mazauna unguwarmu. Shafi ne guda, amma nan ake sa suna da ɗaurin aure da taro da rasuwa, kuma mutanenmu na Agege da na Alaba Rago da na Ebute Metta duk suka saba duba shi. Sakataren ƙungiyar Alhaji Lawali ne, mutumin Maraɗi mai sayar da shinkafa, dattijo mai tsari. Shi ke kawo mini sanarwa a takarda in buga. Yana da wata ɗabi'a: abin da ya fi muhimmanci a sanarwa, kamar lokaci da wuri, sai ya kewaye shi da bakin kada biyu-biyu, gaba da baya. Na tambaye shi dalili.

"Bon, mu haka munka koya a lakkwal, makarantarmu ta boko," in ji shi. "Abin da kake so mutane su riƙe, sai ka sa mishi wannan. Ku 'yan Najeriya ba ku san tsari ba."

Ashe alamar zance ce ta masu karatun Faransanci, ya mayar da ita abin jan hankali. Ban hana shi ba. Duk wadda ya kawo sai in sa mata takunkumi, ta fito tsaf yadda yake so, shi kuma bai taɓa sanin akwai wani aiki a wurin ba. Haka sana'ar take, in ka yi daidai ba wanda zai san ka yi wani abu.

Sai muguwar shekara ta zo, shekarar da intanet ya sauko cikin ƙananan wayoyi masu madannai. Kafe-kafe suka bushe. Masu zuwa in buɗe musu wasiƙa suka daina zuwa, masu son shafi suka koma cewa ai a waya ma ana tallar kaya. Janaretana ya mutu, na yi wata biyu ina aiki sai in an kawo wuta. Ina zaune ina korar ƙuda, Nasiru kuwa tauraronsa na hawa. Ya kama manyan kwastomomi a Ilupeju, ya sa gilashi a ƙofar shagonsa, ya sayi mota. Ya je wurin shugabannin ƙungiya ya ce me ya sa Alhaji Lawali zai riƙa tako ƙafa zuwa shagon wani da takarda? Shi zai gina musu sabon allo wanda Alhaji zai rubuta sanarwa daga wayarsa ta hau nan take. Dattawa suka ce sai sun ji ta bakin Malam Isiyaku, tunda shi ya koyar da mu duka. Malam ya ce, "A ba Nasiru, zamani ya zo da haka."

Da ƙungiya ce kawai ta karɓe aikin, da na haƙura. Amma Malam ne ya faɗa. Wallahi na yi baƙin ciki, na yi hassada, irin wadda take hana mutum jin daɗin abinci. Na zama ba ni da hira a teburin mai shayi sai ta allon Nasiru. In ce launinsa kamar zanen amarya, in ce ba ya buɗewa da wuri, in ce ado ne kawai ba aiki. Har mai shayin ya gaji ya ce, "Habibu, ka bar wa yaron nan haka. Hassada ga mai rabo taki ce." Na ce ai shi ya sa yake ta tsiro. Aka yi dariya, amma kowa a unguwa ya san inda ke mini ciwo.

Sanarwar wani taron wata-wata ce ta nuna mini ramin. Kullum da safe nakan buɗe allon, ba don neman labari ba, don neman aibi. Ran nan na ga an rubuta, "Ana gayyatar kowa taro ranar Lahadi <> Allah ya ba da ikon zuwa." Bakin kada biyu suna kallon juna, babu komai a tsakani. Na danna na buɗe cikin shafin, sai ga rubutun Alhaji Lawali zaune lafiya, lokaci da wuri, a cikin alamominsa biyu-biyu. Burauza ta bar na waje, ta ɗauki na ciki a matsayin umarni, ta haɗiye. Nasiru, sarkin sauri, ya gina ɗaki mai kyau ya manta takunkumi. Babu wanda ya lura, don taron nan kowa ya san a inda ake yinsa da lokacinsa, mutane suka ɗauka wani sabon adon Alhaji ne. Shi Alhaji in ya tura ba ya komawa ya karanta. Shi kuma Nasiru yana can Ilupeju.

Gyaran layi ɗaya ne. Da na taka zuwa shagonsa na ce ɗan'uwa, bakin kada yana ci maka rubutu, da kafin a kira Azahar an gama. Na san haka sarai. Amma daɗi na ji, irin wanda ban ji ba duk shekarar. Na ce bari in bar shi. Wata rana zai haɗiye wani babban abu, ɗaurin auren 'yar wani Alhaji ko taron zaɓe, mutane su yi ta yawo a rana, a tara dattawa, magana ta kai kunnen Malam. Ranar zai san wanda ya kamata a ba.

A lokacin Malam ya tsufa, ido ya yi rauni, ga ciwon ƙafa. Ɗansa ya ɗauke shi daga Agege ya kai shi gidansa a Alaba Rago don a kula da shi. Na je gaishe shi wata Juma'a, na tarar da shi a tabarma a ƙofar ɗaki, rediyo a gefensa. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa, na ce da godiya. Can sai ya ce, "Habibu, kana duba allon ɗan'uwanka kuwa?"

"Ina dubawa, Malam."

"Ciki nake nufi, ba fuska ba."

"Har ciki, Malam. Lafiya lau yake."

Ya gyaɗa kai ya ce, "To, madalla." Na fito ina ce wa kaina ai ban yi wani laifi ba, ba ni na haƙa ramin ba.

Saura kwana uku Babbar Sallah, wajen sha ɗaya na safe, ina shago ina gyara wa wani tela katin talla, sai maƙwabcina mai sayar da caja ya leƙo ya ce, "Ka ji Malam Isiyaku ya rasu?" Na yi salati, na buɗe allon. Ga abin da na gani: "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa Malam Isiyaku mai kwamfuta rasuwa yau da safe. Za a yi jana'iza <> Allah ya jiƙansa." Na buɗe cikin shafin. Alhaji Lawali ya yi aikinsa yadda ya saba, ya kewaye abin da yake so mutane su riƙe: ƙarfe biyu, bayan Azahar, a masallacin layin ɗansa a Alaba Rago, ba a Agege ba. Iyalin sun ga ba za a iya ratso gari da gawa a makon Sallah ba, suka yanke a yi a can.

A duk Agege ni kaɗai na karanta wannan layi. Kowa ya ga sanarwa babu wuri, sai ya cike da abin da ya sani: mutum ya yi shekara da shekaru a unguwa, ai nan za a kawo shi, bayan La'asar kamar yadda aka saba. Ban ko rufe shago ba, na ruga tsohon gidan Malam. Na tarar an shimfiɗa tabarmi, an kafa rumfa, mahauta sun baro kwata, 'yan fata, direbobi, Yarbawan layin da ya yi wa shekaru yana buga wa takardu, har Bulus da Regina suna gefe. Mutane sun cika titi suna jiran gawar da ba za ta zo ba.

Na ratsa na isa gaban dattawa na ce, "Ba nan ba ne! Alaba Rago ne, ƙarfe biyu!"

Wani daga cikinsu ya ɗaga wayarsa ya ce, "A ina ka gani? Ga sanarwa nan, ba ta ce haka ba."

"Tana ciki, Baba. Allon ne ya haɗiye. Allon Nasiru yana da matsala."

Ina faɗin sunan na ga fuskoki sun canja. Wani ya ce, "Haba Habibu! Yau ma? Malaminku na kwance, kai kana nan kana allon Nasiru?" Wani ya ce in ji tsoron Allah in nemi wuri in zauna. Wata shida na yi ina zagin allon nan a kan ƙarya da gaskiya, ranar da na zo da gaskiya tsantsa babu mai saye. Aka ce a kira Alhaji Lawali, wayarsa a kashe. Aka kira ɗan Malam, tana ta ƙara ba a ɗauka, yana wurin haƙa kabari. Nasiru ma bai ɗauka ba, ashe yana cikin masu wanka. Sai da ƙarfe ɗaya ta wuce wata mata ta samu surukar Malam a waya, ta tabbatar musu. Nan wuri ya rikice, masu neman motar haya ta danfo na nema, tsofaffi suka koma suka zauna don sun san ba za su kai ba.

Kun san tsakanin Agege da Alaba Rago ko a ranar da hanya ke da kirki. Balle makon Sallah, tireloli sun jeru cike da raguna, masu saye sun toshe ko'ina. Na hau okada, wato acaɓa, na sauka na hau wata, wani wurin na yi gudu da ƙafa ina ratsa garke. Da na isa masallacin babu kowa sai wani tsoho yana naɗe tabarma. Na ce an yi? Ya ce, "An yi tun ɗazu, sun tafi maƙabarta. Wane ne mamacin ma? Sahu biyu ne, na biyun ma bai cika ba." Mutumin da ya koya wa rabin unguwa taɓa kwamfuta, wanda jama'arsa suka cika titi a Agege, shi aka sallata da sahu biyu. A maƙabarta na tarar har an yayyafa ruwa, ana shafa fatiha.

Nasiru na tsugune a gefen kabarin, ƙasa har gwiwar hannunsa, don shi ya shiga ya karɓi Malam. Da ya gan ni ya taso ya rungume ni yana kuka. Ya ce, "Ina mutanen Agege? Wetin happen? Me ya faru? Tun safe Alhaji ya sa sanarwa." Na ciro waya na nuna masa. Ya daɗe yana kallon bakin kadan nan biyu. Ba sai na yi masa bayani ba, rula ɗaya ta koyar da mu.

"Na manta takunkumi," in ji shi. "Ni na yi wa Malam haka."

Sannan ya ci gaba da cewa:

"Ka san abin da ya fi ba ni mamaki? Bayan ƙaramar Sallah na ce wa Malam ina so in zauna in bi allon nan layi-layi, don da sauri na yi shi. Da na koma gaishe shi sai ya ce, kwantar da hankalinka, Habibu ya duba har ciki, ya ce lafiya lau. Ya ce, Nasiru, kai ka fi gudu, amma duk waɗanda na koyar babu mai idon Habibu, ya fi ka aikin nan nesa ba kusa ba. In Habibu ya ce lafiya, to lafiya ne. Shi ya sa ban sake dubawa ba." Ya share fuska da bayan hannu ya ce, "Abeg, Habibu, ya aka yi wannan ya wuce ka?"

Shekara goma sha wani abu ina jiran maganar nan. Ga inda na ji ta, ga kuma a bakin wanda na ji ta. Da zan iya cewa kowa na kuskure, da ya yarda, don Nasiru ba ya zargin mutum. Amma ƙasar kabarin ba ta ko bushe ba.

Na ce, "Bai wuce ni ba. Na gani tun watan jiya."

Ya kalle ni. Na so ya zage ni, ko ya kai mini mari a gaban mutane, da ya fi mini sauƙi. Bai yi ba. Ya juya ya tafi wurin ɗan Malam. Washegari ya aiko mini da mabuɗin shiga allon a rubuce a 'yar takarda, babu gaisuwa babu komai. Na zauna na sa layin nan ɗaya, duk abin da Alhaji ya rubuto a sa masa takunkumi kafin ya hau. Ban kai minti biyar ba. Na sake buɗe sanarwar, sai ga ta ta fito cikakkiya, ƙarfe biyu, bayan Azahar, Alaba Rago, kwana ɗaya bayan an rufe shi.

Nasiru bai taɓa faɗa wa kowa ba. A gaban dattawa ya ce laifinsa ne shi kaɗai, suka yi masa faɗa, ya sunkuyar da kai. Ni ne daga baya na je na faɗa musu da bakina, kuma har yau akwai waɗanda in na gaishe su a masallaci da kai kawai suke amsawa. Alhaji Lawali kuwa har ya koma Maraɗi bai daina sa alamominsa ba, kuma ban ga laifinsa ba, shi ya yi abin da aka koya masa.

Yanzu manhajojinku suna sa takunkumi da kansu, shi ya sa kuke ganin babu aiki. Wani lokaci ma sukan sa sau biyu, takunkumi a kan takunkumi, shi ne abin da ya sami sunan Asma'u, ba network ba. Kai mai shafin turare, ka kawo wayar gobe in nuna maka, ba zan karɓi komai ba. Sharaɗina ɗaya: kafin ka saki kowane shafi, ka rubuta bakin kada a cikinsa ka ga ko zai fito. In kuma a shafin abokinka ka ga bai fito ba, ka tashi a lokacin ka je ka faɗa masa, ko da ba ka ƙaunar ganin motarsa.

Kuna tambayata ko ni da Alhaji Nasiru mun shirya. Mun shirya, muna gaisawa, 'ya'yanmu na zumunci. Yanzu yana da ofis mai hawa biyu da ma'aikata, ni ina nan kusa da layin dogo, kuma wallahi wannan ya daina damuna. Amma ban daina ƙyashinsa ba, kuma ba na jin zan daina. Shi ya tsaya a sahun farko, shi ya sa hannu ya kwantar da Malam. Ni da aka ce na fi kowa ido, tudun ƙasa kawai na gani.